Koci Jamalu da Neman Ɗalibi na Huɗu

Ni tela ne, kuma tela ya fi likita sanin asirin jikin mutane, don likita sai ka ga dama ka gaya masa gaskiya, amma tef ɗin awo ba a yi masa ƙarya. Shekara ashirin da biyu ina ɗinki a layinmu a Gumel. Shagona manne yake da siton Alhaji Ubale mai hatsi, ƙofata na kallon titi, tagata ta baya na kallon lungu. Saboda haka labarin nan ba ji na yi ba, a gabana aka yi shi, kuma ni na ɗinka wandon da aka yi shi a ciki.

Jamaluddeen ɗan ƙanwar Alhaji Ubale ne. Ya tafi Abuja bautar ƙasa da jaka ɗaya, ya dawo farkon damina da jakar nan dai, sai ƙarin wata tabarmar roba shuɗiya a naɗe a kafaɗa. Ya ce daga yau kada wanda ya sake ce masa Jamalu, sunansa Koci, wato mai horarwa. Wai ya yi kwas na mako uku a waya ya zama malamin yoga, har ya buga takardar shaida ya sa mata gilashi.

"Mece ce kuma yoga?" na tambaye shi ranar da ya kawo mini ɗinkin wando.

"Ilimin miƙe jiki ne da sarrafa numfashi, daga Indiya."

"Au, rawar Indiya."

"Ba rawa ba ce, Baba tela. Babu kiɗa."

"To, rawar Indiya ta marasa hali ke nan."

Bai yi dariya ba. Ya ɗaga yatsa ya ce in rubuta in ajiye, nan da shekara guda daga Gumel har Sule Tankarkar ba za a ƙara ganin mai tafiya a sunkuye ba. Ɗalibai dubu zai tara, ya buɗe reshe a Maigatari, ya buɗe wani a Gagarawa Tasha, ni kuma in daina wahala da kaftani in koma ɗinka wa ɗalibansa wando, kakata ta yanke saƙa. Na ce na gode, Allah dai ya sa kada murna ta kashe ni kafin lokacin.

Abin da ya rage masa wuri ne, ga shi siton kawunsa fanko yake sai kaka. A ƙofar shagona suka yi maganar, ina taka keke ina saurare.

Alhaji Ubale ya ce, "Na ba ka aron siton nan har ranar da motar riɗi ta farko za ta iso daga Gagarawa. In ranar na tarar da mutum huɗu masu zuwa da ƙafarsu, ba janyo su ka yi ba, ba koko ka raba musu ba, sito ya zama naka, in nemi inda zan zuba riɗina. In ban tarar ba, kai za ka sauke motar, kuma daga ranar ka shiga cikin 'yan dakona."

"Huɗu, Kawu? Wannan ai raini ne. Ka ce ɗari huɗu."

"Huɗu na ce. Mutum huɗu ke ɗaukar makara. Wanda ya sami huɗun da ba za su gudu su bar shi ba, ya sami jama'a."

Ranar buɗewa mutane sun fi hamsin, har da na kan katanga. Jamalu ya leƙo shagona baki har kunne, ya ce ko na ga taro? Na ce na gani, haka ake cika in masu wasa da kura suka sauka a gari. Ya koma ya hau tabarmarsa, ya haɗa tafukan hannu a ƙirji, ya ce za a fara da abin da ake kira gaisuwar rana.

Malam Ilu, tsohon hedimasta kuma na'ibin limamin masallacin unguwarmu, ya ce, "A'uzu billahi! Yaro, mu ba ma gaida rana, shanya muke yi da ita."

Nan take Jamalu ya sauya wa abin suna ya koma miƙar safe. Don ya wanke kansa sai ya ce bari ya nuna musu tsayuwa da ka. Ya kafa kai a ƙasa, ya ɗaga ƙafafu sama, wayarsa ta zame daga aljihu ta dakar masa haɓa, ya tafi gaba ɗaya ya faɗa kan tarin tsofaffin buhuna. Jama'a suka tafa, suka ce a maimaita. Washegari ko kaza ba ta leƙa ƙofar siton ba.

Sai dai abin da ba a koya masa a waya ba shi ne, a garin nan kowane abu ƙofa biyu gare shi, ta gaba ta 'yan kallo, ta baya ta masu matsala. Bayan kwana uku, an fito daga sallar asuba, ina buɗe taga sai na ga mutum a lungu ya lulluɓe kai da mayafi yana ƙwanƙwasa ƙofar bayan sito. Malam Ilu ne, mai a'uzu billahi. Ashe gwiwoyi ne suka ci amanarsa, in ya yi sujada sai ya saci ido ya dafa bango kafin ya tashi. Kuma ya sani sarai ranar da aka gane, za a ce Malam ya huta haka nan, a ba wani na'ibancin da ya riƙe shekara goma sha tara.

Bayan shi sai Manu, dillalin shanu a karar Maigatari. Shi baya ne ya riƙe masa, kuma dillalin da aka ji ba ya iya riƙe igiyar bijimi, Fulani ko akuya ba za su ba shi ba. Na uku Aminullahi ne, babban ma'aikaci a sakatariya, wanda ke neman wata bazawara a Sule Tankarkar mai suna Fadimatu, ya kuma gaya mata shi ɗan ƙwallo ne a da. Tumbi ne damuwarsa. Ni na san girman abin, don duk sallah sai na ce ya ƙaro yadi.

Kowannensu da ya shiga, magana ɗaya ya fara yi, "Don girman Allah, tsakanina da kai."

Jamalu ya dafa ƙirji ya ce, "Haba ranka ya daɗe, ai cikina rijiya ne." Gaskiya ya faɗa, sai dai bai ce rijiyar a bakin kasuwa take ba, kuma ba ta da murfi.

Ba na son yabon yaron nan, amma ƙarya ba kyau, ya iya aikin. In ya rufe ƙofa ya daina cika baki, sai ka ji muryarsa a hankali yana cewa a ja numfashi, a sake, a miƙa hannu, kada a tilasta wa jiki. Kafin gero ya fitar da kai, Malam Ilu ya fara tashi daga sujada da hannu ɗaya a cinya. Manu ya daina tafiya kamar mai ɗauke da tulu. Aminullahi ya kawo mini wando in rage masa ƙugu da yatsa biyu, yana murna kamar an ƙara masa girma a ofis. Ruwa ko iska ba sa fashi, su uku, ta lungu suke zuwa, ta lungu suke komawa.

Amma Koci bai ga komai a nan ba sai tsofaffi uku.

Na ce masa, "Ka riƙe ukun nan da kyau, ka yi shiru. Wanda ya ji daɗin jikinsa shi zai raɗa wa ɗan'uwansa."

"Baba tela, wannan tunanin zamanin keke mai ƙafa ne. Yanzu duniya sai da talla."

"Da keke mai ƙafar na ɗinka wandon da ke jikinka."

"Shi ya sa yake matse ni."

Ranar Alhamis ya naɗe tabarmarsa ya ce Maigatari za shi, a can jama'a take, daga Najeriya har Nijar, a yini ɗaya zai kwaso ɗalibai. Ni ma na shiga motar, na ce yadi zan duba, amma Allah ya sani kallo ne ya kai ni. Bai zaɓi ko'ina ba sai tsakiyar kara, inda ake cinikin shanu. Ya shimfiɗa tabarma, ya tafa hannu, ya ce a matso a ga tsayuwar bishiya, wadda sai mutum ya yi wata shida yana koyo kafin ya iya. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ɗora a cinya, ya ɗaga hannuwa sama, ya ce duk wanda ya riga shi gajiya ya zama ɗalibinsa.

Mutane suka dube shi, sannan suka juya gaba ɗaya suka dubi wani Bafulatani da ke gefe, Sajo, wanda tun hantsi yake tsaye da ƙafa ɗaya, ɗayar a kan gwiwa, sanda a gicciye bayan wuya, yana jiran a taya saniyarsa.

Wani ya ce, "Wannan ce Indiya ta aiko ka ka koya mana?"

Sajo ya ce, "Aradu ni ban san karatu nake yi ba. Tun ina bin maruƙa nake haka, saboda ƙaya da zafin rairayi."

"Taka ta gargajiya ce, babu ilimi a ciki," in ji Jamalu. "Mu gwada."

Aka gwada. Jamalu ya rufe ido yana jan numfashi. Sajo ya ɓare goro ya ci, ya gaisa da surukinsa, ya ƙi tayi biyu, ya sallama a na uku, duk a kan ƙafar nan ɗaya. Jamalu kuwa gumi ya fara bin wuyansa, ƙafar ta fara rawa, ƙuda ya sauka a hancinsa ya ga wurin zama. Can sai wani bijimi ya ji ƙamshin gishiri, ya matso ta baya ya lashe masa ƙeya da harshe tun daga wuya har tsakar ka. Koci ya kurma ihu ya zube, kuma a faɗin karar nan bai sami wurin zubewa ba sai inda saniya ta gama uzurinta.

Wani ɗan kasuwa daga Damagaram ya leƙo ya ce, "Mushe, a wace lakwal, ina nufin makaranta, aka koya maka faɗuwar? Ita ta fi kyau."

Jamalu ya miƙe yana karkaɗe abin da ba ya karkaɗuwa, ya hango Manu yana riƙe da igiyar wani sa, ya ɗaga murya, "Ku tambayi Manu dillali! Shi ya san aikina!"

Fulani suka zuba wa Manu ido.

Manu ya ce, "Ni? Wallahi yau na fara ganin yaron nan a cikin kara." Ya ja sansa ya yi gaba, ko waiwaye bai yi ba.

Washegari Manu bai zo ba. Mai hankali zai gane an yi fushi, ya bari a huce. Jamalu ya duba wayarsa, ya ga an rubuta wai ɗalibin da ya yi fashi a bi shi har gida, don ya san an damu da shi. Bai tashi zuwa ba sai bayan la'asar, lokacin da ƙofar gidan Manu ke cike da majalisa, har da baƙin Fulani biyu da suka kawo masa shanu. Ya rangaɗa sallama, ya dafa ƙugunsa ya kashe ido ɗaya, ya ce, "Yau ba mu gan ka ba, yaya wurin?"

Manu ya yi wuf ya fizge shi zuwa cikin zaure, ya matse shi da bango, ya ce ta tsakanin haƙora, "Gobe zan zo. Jibi zan zo. Har ranar da zan mutu zan zo. Kai dai kada ƙafarka ta sake taka ƙofar gidan nan."

Jamalu ya dawo shagona yana walƙiya. "Ka ga ƙauna, Baba tela? Har ranar mutuwa ya ce. Dabarar nan tana ci."

Tun da dabara tana ci, sai ta ci Aminullahi. Ran Asabar bai zo ba, don ya yi sammakon zuwa Sule Tankarkar zance. Wannan ban je ba, shi Aminullahin ne ya ba ni labari ranar da ya kawo rigar gyara. Yana zaune a zauren su Fadimatu, ga kwanon fura a gabansa, ya janye tumbinsa ciki ya riƙe numfashi kusan awa guda yana ba ta labarin ƙwallayen da ya ci a ƙuruciya, sai ga sallamar Koci. Ya gaida Fadimatu da ladabi, ya juya ya ƙare wa ɗalibinsa kallo, ransa ya ɓaci.

"Ranka ya daɗe, numfashinka a ƙirji yake. Ba haka na koya maka ba. Saki cikin."

"Wane ne wannan?" in ji Fadimatu.

"Wani yaro ne daga ofis," in ji Aminullahi da ƙyar.

"Saki, ranka ya daɗe, riƙewa na kawo hawan jini." Ya sa hannu biyu ya danna masa kafaɗu.

Ciki ya saku. Maɓallin riga ya yi tsalle ya faɗa cikin fura. Fadimatu ta dubi maɓallin, ta dubi abin da ya fito, ta gyara mayafi ta ce, "Ashe ku biyu ne kuke zuwa zancen nan, ɗayan ɓoye shi ake yi. Da na sani da na ƙara furar."

Duk da haka, abin da ya ba ni mamaki har ya ba ni tausayi, ran Litinin su ukun suka dawo ta lungu. Sun ji haushinsa, amma jikinsu ya ji daɗinsa, kuma tsoho ba ya wasa da abin da ya mayar masa da barcinsa. Suka sake roƙon sa ya rufa musu asiri, ya sake dafa ƙirji.

Aka yanke riɗi a Gagarawa aka jingine shi yana bushewa, ɗalibai na nan uku. Ana saura mako guda mota ta zo, wani dattijo ya shigo shagona da tsakar rana, lokacin da layi ba kowa. Ya daɗe yana zagaye-zagaye, yana tambayar wai da gaske ne bayan Manu ya saki? Daga ƙarshe ya zaro yadi daga cikin riga ya ce in ɗinka masa wando mai faɗi irin na yaron nan, kuma in rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Na rantse, na auna shi, na ga yadda yake cije leɓe in ya ɗaga hannu.

Da yamma na kira Jamalu na ce, "Na huɗunka na hanya. Ka kulle bakinka kwana bakwai kacal, sito ya zama naka."

"Wane ne?"

"Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

"Baba tela, lallashi na kake yi. Ni kuma ba na huɗu nake nema ba yanzu, na ɗari huɗu nake nema. Akwai abin da wayata ta ce ya fi komai tasiri, shaidar waɗanda suka amfana."

A lokacin ban san zurfin ramin da yake haƙa ba. Ashe a ƙarshen kowane darasi, lokacin da yake ce musu su rufe ido su manta da duniya, shi bai manta da ita ba, hotuna yake ɗaukar su.

Ana gobe motar za ta zo, ya ɗaura lasifika a kan adaidaita sahu ya zagaye Gumel, yana shelar gobe da safe kowa ya zo ƙofar siton Alhaji Ubale ya ga manyan mutanen da yoga ta tayar daga kwance. Da gari ya waye na fito buɗe shago, sai na tarar da ƙaton ƙyallen talla ya rufe gaban siton daga sama har ƙasa. Ga Malam Ilu, na'ibin liman, kwance ƙafa ɗaya a sama, a ƙasan hoton an rubuta, "Da sai da bango nake tashi daga sujada." Ga Manu a durƙushe da hannu da gwiwa, an rubuta, "Da akuya ma tana kayar da ni." Ga Aminullahi a rigingine, tumbi ya tokare rabin hoton, shi kalma biyu kawai aka ba shi, "Saura kaɗan." A ƙarshe kuma ga gurbi na huɗu, fari fat babu hoto, an rubuta da jan fenti, "Ko kai ne na huɗu?"

Kafin rana ta ɗaga layinmu ya cika ya batse. Masu boko na karanta wa marasa boko, marasa boko na cewa a sake karanta na Manu. Wani direban motar Sule Tankarkar ya tsaya yana ɗaukar hoton Aminullahi da waya, ya ce saƙo ne zai kai. Jamalu na tsaye a kan benci cikin wandon da na ɗinka, yana ɗaga wa jama'a hannu.

"Baba tela, ƙirga mini! Kawu ya ce huɗu!"

Su kuwa bayin Allah uku sun biyo lungunsu kamar kullum, suka ji gari na dariya, suka zagayo su ga abin da ake yi. Jama'a ta dare musu hanya. Malam Ilu ya sa tabarau ya karanta nasa har ƙarshe, kamar mai duba jarrabawa. A lokacin dariyata ta tsaya, don mutumin nan shi ya koya wa rabin masu dariyar karatu.

Ya ce, "Yaro, na ce maka tsakanina da kai."

"Ai tsakaninmu ne, Malam. Jama'a shaida kawai suke yi."

Aminullahi ya ce, "Saura kaɗan me? Saura kaɗan in haihu?"

"Ƙarfafa gwiwa ce, ranka ya daɗe."

Manu kuwa sai ya sunkuya. Ya cire takalmansa ya jera su a ƙofar shagona, ya naɗe hannun riga. Jamalu ya dubi fuskarsa sau ɗaya, ya diro daga benci ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Ban taɓa ganin tsere irin wannan ba. Manu, mai shekara hamsin da ɗoriya, ya tsallake kwata da tsalle ɗaya. Malam Ilu ya durƙusa ya ɗauki wani kara a ƙasa, ya miƙe tsaf ya bi baya, sai wani ya yi ihu, "Wallahi ba bango! Bai dafa komai ba!" Aminullahi ma ya biyo su, kuma ya kai har wajen mai faci kafin ya tsaya haki, abin da bara ko a mafarki ba zai yi ba. Jama'a na tafi, shi kuwa Koci yana gudu yana waiwaye yana ihu, "Kun gani! Aikina ne! Mai so ya rubuta suna!"

Yana cikin waiwayen ne motar riɗi ta shawo kwana daga hanyar Gagarawa ta toshe bakin layi. Ya kauce wa motar, ya yi karo da mutumin da ke tsaye a gefenta cikin babbar riga, suka zube tare. Alhaji Ubale ne. Wani abu ya faɗo daga ƙarƙashin babbar rigar ya warware a ƙasa, sabuwar tabarmar roba, ko ledarta ba a gama cirewa ba. Rigar ta yaye, ga wando mai faɗi, ɗinkina, wanda ya karɓa jiya da la'asar.

Masu bi suka tsaya. Sai da mutum biyu suka kama Alhaji kafin ya miƙe, yana dafe da ƙugu.

"Kawu," in ji Jamalu, yana duban tabarmar, "wannan ta wace ce?"

"Ta na huɗu ce," in ji Alhaji Ubale. "Wata biyu ba na iya ɗaura takalmi. Na ga yadda Manu ya koma, na ce yaron nan ko banza ya iya abu ɗaya a duniya. Na yi niyyar yau in shigo ta lungu in zauna, in ƙirga da ni, huɗu sun cika, in ba ka mabuɗi. Tun fitowa masallaci nake tsaye a nan ina karanta allonka. Na ga har gurbi ka bar mini."

"Kawu, ai sai ka shigo yanzu! Ga su nan su uku, ga ka!"

Alhaji ya juya ya dubi mutanen uku. "Akwai ɗalibin yaron nan a cikinku?"

Malam Ilu ya ce, "Ni karan nan na zo ba shi."

Manu ya ce, "Ni ban gama da shi ba."

Aminullahi bai sami numfashin magana ba, ya girgiza kai kawai.

Alhaji ya naɗe tabarmarsa ya mayar cikin riga, ya nuna motar da haɓa. "Buhu ɗari da ashirin ne. Ka ja numfashi, ka sake, kada ka tilasta wa jiki."

Haka reshen Maigatari da na Gagarawa Tasha suka rufe tun ba a buɗe su ba. Ƙyallen tallan ma bai yi asara ba, da shi ake rufe buhuna in an ga hadari, ana kifa hotunan ta ƙasa. Malam Ilu na nan a na'ibancinsa, don duk unguwa ta ga ya tashi ba bango. Fadimatu ta aiko wa Aminullahi cewa tun da saura kaɗan, za ta jira.

Wani abin kuma, tallan ya ci. Duk wanda ya ga tsallen Manu a kan kwata ya koma gida ya shafa bayansa ya yi tunani. Yanzu in an fito sallar asuba, mutum goma sha ɗaya ke bin lungu ɗaya bayan ɗaya, kowa da mayafi a ka, su shige bayan buhunan riɗi inda Alhaji ya sa aka bar fili. Malam Ilu ke ja, da muryarsa ta hedimasta, kuma ba a taɓa yin fashi ba. Ni ne na tara a shiga, don keke mai ƙafa ma yana da nasa hakkin a kan ƙugu.

Jamalu kan iso da hantsi ya tarar ana fitowa. Ran nan ya tare Malam Ilu, ya rusuna ya ce ko za a bar shi ya riƙa shiga, ko daga baya ne ya tsaya.

Malam ya ce, "Shiga ina?"

"Ajin, Malam."

"Wane aji? Riɗi muke dubawa."

Shekaranjiya da tsakar rana, layi ba kowa, sai ga shi ya shigo shagona yana tafiya a sunkuye, hannu a ƙugu, ƙurar buhu har gira. Ya leƙa hagu, ya leƙa dama, ya matso kusa da kunnena.

"Baba tela, bayana ne ya riƙe, kwana huɗu ba na iya miƙewa. In 'yan dako suka ji na shiga uku. Don girman Allah, tsakanina da kai."

Na dafa ƙirji na ce masa kada ya damu, cikina rijiya ne. Kuma na cika alkawari, har yau ban faɗa wa kowa ba sai ku.